Shirun Cikin Gwangwanin Franklin: Sharhi Kan Filin Lantarki Da Dokar Gauss

A shekarar 1755 Benjamin Franklin ya ɗora wani gwangwanin azurfa a kan abin da ba ya barin lantarki ya zurare ƙasa, ya cika shi da caji. Sannan ya rataye ɗan ƙwallo mara nauyi na ɓawon itace a zaren siliki. Idan ya kawo ƙwallon kusa da gwangwanin ta waje, nan take sai gwangwanin ya fizgo shi. Da ya zura shi ciki kuwa, sai shiru. Bango bai ja shi ba, har ya taɓa gindin gwangwanin ya fito bai ɗauko caji ko kaɗan ba. Franklin bai ɓoye ba, ya rubuta cewa bai san dalili ba. Joseph Priestley a Ingila ya maimaita gwajin, a 1767 ya faɗi abin da ya hango: tun 1687 Newton ya nuna cewa wanda ke cikin ƙwallo mai rami ba zai ji janyowar nauyin bangon ƙwallon ba, saboda janyowar tana raguwa da murabba'in nisa. Tunda cikin gwangwani ma shiru ne, in ji Priestley, da alama lantarki wannan hanyar yake bi. Sai a 1785 Coulomb a Faransa ya auna ƙarfin kai tsaye, ya samu haka ne: ka ninka nisa biyu, ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu; ka ninka uku, ya koma kashi ɗaya cikin tara.

Dokar Coulomb ta isa a lissafa filin lantarki, wato ƙarfin ja ko turi da caji ke yi wa wani caji a kowane wuri kewaye da shi, na kowace irin sura, in dai mutum yana da haƙurin yanka cajin gunduwa-gunduwa, ya zana wa kowane guntu kibiya mai nuna ƙarfinsa da inda ya nufa, ya tara su duka. Aikin da wahala. Dokar Gauss ita ce ke rage wannan wahalar, amma a wurare ƙalilan, kuma abin da nake so in jaddada shi ne dalilin ƙarancinsu. Ɗalibai da yawa suna haddace amsoshi uku, na ƙwallo da na waya da na shimfiɗa, suna zaton dokar ce ta haife su. Rabin aikin kawai dokar ta yi. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi, hujja ce ta daidaiton sura, wadda ake kafawa tun kafin a rubuta harafi ɗaya na lissafi.

Mu fara da kwarara. Ka ɗauki zoben waya ka tsoma shi a kogi. Yawan ruwan da ke ratsa zoben a daƙiƙa ɗaya ya dogara da abu uku: gudun ruwan, faɗin zoben, da yadda ka riƙe shi. In ka fuskantar da shi ga ruwan, ya samu duka. In ka karkata shi, ya ragu. In ka juya shi ya bi ruwan a tsaye kamar bakin wuƙa, ba abin da zai ratsa, ko da kogin ya cika ya tumbatsa. Kwararar filin lantarki haka ake lissafa ta: ƙarfin filin, sau faɗin fuskar, amma ɓangaren filin da ya huda fuskar kai tsaye kawai ake ƙirgawa. Wanda ya shafi fuskar ya wuce ba ya cikin lissafi. Sai dai a kiyaye, a filin lantarki na caji mai zaune wuri ɗaya babu wani abu da ke gudu a zahiri. Sunan aro ne daga ruwa. Michael Faraday ya sauƙaƙa wa ido abin da zanen layuka: layi yana tasowa daga caji mai alamar ƙari, ya ƙare a kan caji mai alamar ragi, ba ya tsinkewa a hanya. Inda layuka suka cunkushe, fili ya yi ƙarfi. Kwarara ita ce ƙidayar layukan da suka huda fuska.

Yanzu ka ƙaddara a ranka wani buhu, ɗaurarre ruf, ba ƙofa. Ba buhun gaske ba ne, iyaka ce ka shata a sarari, kuma kai ka zaɓi surarsa. Dokar Gauss ta ce: ka ƙirga layukan da suka fita daga buhun, ka cire waɗanda suka shiga, abin da ya saura daidai yake da jimillar cajin da ke cikin buhun an raba da wani adadi da ba ya canzawa, ε₀, wanda ya kai kimanin 8.85 × 10⁻¹² a ma'aunin da ake amfani da shi a kimiyya. A taƙaice, Φ = Q/ε₀, inda Φ ke nufin kwarara, Q kuma cajin da ke cikin buhun. Cajin da ke waje ba ya ƙara komai a ƙidayar, domin duk layinsa da ya shiga ta wannan gefe zai fita ta wancan. Lagrange ya taɓo wannan tunani a 1773 a lissafin janyowar nauyi, Gauss ya rubuta shi a 1835, ba a buga ba sai 1867, shekara 12 bayan mutuwarsa. Yau tana ɗaya daga cikin dokoki huɗu na Maxwell, waɗanda suka tattara ilimin lantarki da maganaɗisu.

Me ya sa girman buhun ba ya canza amsar? Ka sa caji ɗaya a tsakiyar ƙwallo mai nisan r daga cibiya zuwa bango. Faɗin bangon 4πr² ne, wato yana ƙaruwa da murabba'in nisa. Filin kuma yana raguwa da murabba'in nisa. Ka ninka su, r² na sama ya cinye r² na ƙasa, saura Q/ε₀. Da a ce filin yana raguwa da r mai iko 2.1 ko 1.9, da wannan cinyewar ba ta yiwu ba, da babban buhu da ƙarami sun ba da amsa daban, da dokar ta rushe gaba ɗaya. Wannan lamba 2 ita ce ginshiƙin duk maganar, za mu dawo gare ta.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dokar tana ba ka lamba ɗaya tak, jimillar kwarara a kan buhun duka. Abin da kake nema kuwa shi ne fili a wani takamaiman wuri, da ƙarfinsa da inda ya nufa. Yaya jimilla ɗaya za ta gaya maka wannan? Ba za ta iya ba, sai in ka riga ka san cewa filin ƙarfinsa ɗaya ne a ko'ina a kan buhun, kuma ko'ina yana huda shi kai tsaye. A nan ne kawai jimillar ke zama E, wato ƙarfin filin, sau faɗi, ka raba ka samu E.

Dubi yadda ake kafa wannan a kan ƙwallo mai caji daidai ta kowane gefe. Tsaya a wani wuri a waje, ka ja layi daga cibiyar ƙwallon zuwa inda kake. Ka ɗauka kibiyar filin ta ɗan karkata gabas. Yanzu juya ƙwallon rabin zagaye a kan wannan layin, kamar yadda ƙyauren ƙofa ke juyawa a wuri ɗaya. Ƙwallon bai canza ba ko kaɗan, ba wanda zai iya bambance shi da yadda yake ɗazu. Amma kibiyarka ta juya tare da shi, yanzu ta karkata yamma. Caji iri ɗaya ba zai ba da amsa biyu a wuri ɗaya ba. Mafita ɗaya ce: kibiyar ba ta karkata ko'ina ba, a kan layin take, ko ta nufi waje ko ta nufi cibiya. Da irin wannan juyin za ka ga cewa duk wuraren da nisansu ɗaya da cibiya ƙarfinsu ɗaya. Ka lura, har yanzu ba mu yi amfani da dokar Gauss ba, ba mu ma ambaci lantarki ba sosai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai bayan nan muke lulluɓe ƙwallon da buhu mai surar ƙwallo, mu rubuta E × 4πr² = Q/ε₀. Sakamakon: daga waje, ƙwallon yana aiki tamkar an tattara cajinsa duka a cibiya.

Shiga ciki, nan abin ya fi daɗi. In cajin a bango kawai yake, buhun da ka zana a ciki bai ƙunshi komai ba, kwarara sifili, kuma tunda daidaiton sura ya ce filin ɗaya ne ko'ina a kan buhun, filin ma sifili. Mutum zai iya cewa: a cibiya na yarda, amma in na matsa daf da bango, ai cajin da ke kusa da ni ya fi ƙarfi? Hujjar Newton ta amsa wannan da kyau. Daga inda kake, ka haska siririyar tocila gaba, ka haska wata irinta baya. Ta gaba ta faɗi a kan bango na kusa, ta haska ɗan wuri kaɗan. Ta baya ta yi tafiya ninki uku, ta haska wuri mai faɗi ninki tara, wato caji ninki tara. Amma nisan ninki uku ya rage ƙarfin kowane guntu zuwa kashi ɗaya cikin tara. Kusa da kaɗan, nesa da yawa, sun yi kunnen doki. Ka juya tocilolin ta kowace fuska, haka za ka samu.

In kuma cajin ya game cikin ƙwallon duka daidai wa daida, filin yana farawa daga sifili a cibiya, yana hawa kai tsaye tare da nisa har bango, inda ya kai ƙololuwa, daga nan ya fara gangara da murabba'in nisa. Dalili: cajin da buhunka ya ƙunsa yana ƙaruwa da r³, faɗin buhun da r², saura r. Wannan ɗan sakamako ya taka rawa a tarihin kimiyya. A 1904 J. J. Thomson ya zana atam a matsayin ƙwallo mai cajin ƙari da ya bazu a cikinsa duka, mai nisan kimanin 10⁻¹⁰ na mita daga cibiya zuwa bango. In haka ne, filin da ya fi ƙarfi yana a bangon atam ɗin, kuma bai isa ya juyo da ƙwayar alfa mai gudu ba, wato 'yar ƙwaya mai cajin ƙari da ake harbawa a kan atam. Amma a 1909 Geiger da Marsden a Manchester suka ga ƙwayar alfa ɗaya a cikin dubbai tana dawowa baya daga siririn fallen ƙarfe. A 1911 Rutherford ya kawo bayani: cajin a dunƙule yake a ɗan ƙaramin wuri a tsakiya. Cibiyar atam ɗin zinariya nisanta kimanin 7 × 10⁻¹⁵ ne na mita. Caji iri ɗaya, amma ƙwallon ya ƙanƙance fiye da sau 10,000, don haka filin da ke bangonsa ya ƙaru wajen sau miliyan 200.

Sura ta biyu ita ce doguwar waya miƙaƙƙiya. Zame ta gaba ko baya, juya ta a kan kanta, kifa ta kai ya koma ƙafa, ba ta canza ba. Don haka layukan suna fita daga jikinta kamar wayoyin gargaren keke. Buhun da ya dace gwangwani ne wanda wayar ta ratsa tsakiyarsa. Murfi da gindi ba su samun kwarara, layuka shafa su kawai suke yi. Jikin gwangwanin faɗinsa 2πr sau tsawo, yana ƙaruwa da r ɗaya, saboda haka filin yana raguwa da r ɗaya: E = λ/(2πε₀r), inda λ ke nufin cajin da ke kowace mita. Wannan ne ya sa ake sa siririyar waya a tsakiyar bututun na'urar Geiger mai gano tururin nukiliya. In kaurin wayar daga cibiya 0.05 na milimita ne, bangon bututun kuma yana nisan santimita 1, filin da ke jikin wayar ya ninka na bango sau 200, kuma a wannan ɗan wurin ne ilektiron ɗaya ke samun gudun da zai ɓalle wasu, su ma su ɓalle wasu, har na'urar ta yi ƙara.

Ta uku shimfiɗa ce mai faɗi marar iyaka. Layukan suna fita tsaye ta sama da ta ƙasa, a jere, ba inda za su bazu. Buhun ɗan akwati ne da ya huda shimfiɗar, murfinsa biyu ba sa girma komai nisan da ka ja su. Filin bai damu da nisa ba: E = σ/(2ε₀), σ kuwa cajin da ke kowane murabba'in mita. Da farko wannan yana ba mutum mamaki. Amma ka jera su uku ka gani: ƙwallo, layuka na da hanyoyi biyu na bazuwa, r², waya, hanya ɗaya, r, shimfiɗa, babu hanya, babu raguwa. Doka ɗaya ce, sararin da layuka suka samu ne ya bambanta.

Babu waya marar ƙarshe a duniya, babu shimfiɗa marar iyaka, kuma ya kamata mai koyo ya san iyakar amincin waɗannan amsoshi da lambobi, ba da kalmar «kusan» kawai ba. Waya mai tsawon mita 1, ka tsaya santimita 5 daga tsakiyarta: amsar marar ƙarshe ta kauce da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Faifai mai nisan santimita 10 daga cibiya zuwa baki, ka tsaya milimita 1 a saman tsakiyarsa: kuskuren kashi 1 cikin 100 ne. Ka ɗaga zuwa santimita 1, ya zama kashi 10. Ka ja da baya mita da yawa, faifan ya koma ɗigo, r² ya dawo. Waya ta fi faifai haƙuri nesa ba kusa ba.

Yanzu ga kuskuren da na fi gani, kuma na fi so a kawar. Ka sa caji biyu, ɗaya na ƙari ɗaya na ragi, masu girma ɗaya, a buhu guda. Jimillar caji sifili, kwarara sifili. Sai mutum ya ce ashe fili ma sifili. A'a. Layuka na fita ta wannan gefe suna dawowa ta wancan, filin yana nan da ƙarfinsa a jikin buhun, ƙidayar ce kawai ta tashi babu. Dokar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ba ka E ba, domin babu buhun da filin zai zama ɗaya a kansa. Ko ka sa caji ɗaya a tsakiyar akwati mai fuska shida daidai. Daidaiton sura zai ba ka kwararar kowace fuska, Q/(6ε₀), ba tare da wahala ba. Amma filin a kusurwar akwatin kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke tsakiyar fuska, kuma a karkace yake. Akwati ya isa a raba kwarara, bai isa a fitar da fili ba. Haka nan cajin da ke wajen buhu: ba ya shiga ƙidayar kwarara, amma yana cikin filin a kowane wuri. In ka ajiye wani caji kusa da ƙwallonka, ka ɓata daidaiton, gajeriyar hanyar ta toshe, ko da Q na cikin buhun bai motsa ba.

Ƙarfe yana da nasa labarin, kuma shi ne ainihin amsar gwangwanin Franklin, wanda ai ba ƙwallo ba ne. A cikin ƙarfe akwai ilektiron, 'yan ƙwayoyi masu cajin ragi, masu yawo. Muddin akwai fili a naman ƙarfen za su motsa, kuma ba za su tsaya ba sai sun jera kansu yadda filin ya mutu. Da zarar sun natsu, duk buhun da ka zana a cikin naman ƙarfen ba shi da kwarara, don haka ba shi da rarar caji. Rarar duka ta koma fatar waje. A 1836 Faraday ya gina ɗaki mai ƙafa 12 ta kowane gefe a Landan, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ciki da na'urorin awonsa ana loda wa ɗakin caji har tartsatsi na tashi daga bangon waje. Na'urorinsa ba su motsa ba. Sai dai kariyar ba ta aiki ta fuska biyu haka kawai. In ka rataye caji a cikin ramin, bangon ciki zai tara kishiyarsa, bangon waje ya bayyana da caji daidai da wanda ka ɓoye, na waje su ji shi sarai. Sai an haɗa ƙarfen da ƙasa sannan a ɓoye na ciki daga na waje.

Daf da fatar ƙarfe filin σ/ε₀ ne, ninki biyu na shimfiɗa, kuma wannan 2 ɗin tana rikita mutane. Bayanin gajere ne: a shimfiɗa layuka sun rabu gida biyu, sama da ƙasa, a ƙarfe ƙofar ciki a rufe take, duka suka fita ta waje. Daga nan ana iya fitar da lambobi masu amfani. Busasshiyar iska tana tsagewa ta zama tartsatsi idan fili ya kai kimanin bolt miliyan 3 a mita. Don haka ƙwallon injin Van de Graaff, na'urar tara caji, mai nisan santimita 15 daga cibiya ba zai riƙe fiye da kimanin kashi 7.5 cikin miliyan na kulom ɗaya ba (kulom shi ne ma'aunin caji), wato bolt 450,000, kafin iska ta kwashe rarar. Ita kanta duniya ƙwallo ce mai isar da lantarki. A ranar da sama ta yi garau akwai fili na kimanin bolt 100 a mita yana nuni ƙasa. Ninka shi da ε₀ da faɗin doron duniya, murabba'in kilomita miliyan 510, ka samu cajin ragi na kusan kulom 450,000. Daga awon da aka yi a filin buɗaɗɗe, mun ƙiyasta cajin duniya baki ɗaya.

Mu koma ga lamba 2. Awon Coulomb na kai tsaye yana da wuya, zare na murɗawa, caji na zurarewa, iska na kaɗawa. Henry Cavendish, wajen 1773, ya bi ta bayan gida. Ya sa ƙwallon ƙarfe a cikin wani ƙwallon mai rabi biyu, ya haɗa su da waya, ya loda wa na waje caji, ya cire wayar, ya buɗe, ya auna na ciki. In ikon nisa 2 ne cif, ba abin da zai shiga na ciki. In ya kauce, wani caji zai zauna a can. Bai ga komai ba, kuma daga iyakar ingancin na'urarsa ya yanke cewa ikon yana tsakanin 1.98 da 2.02. Bai buga aikin ba, sai Maxwell ya fito da takardunsa a 1879, bayan an maimaita gwajin a ƙarƙashinsa an matse kaucewar zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 21,600. Hikimar hanyar ita ce, auna babu ya fi auna ƙarfi sauƙin ingantawa: duk lokacin da aka samu na'ura mai kaifin ji, sai a sake saurarar cikin ƙwallon. A 1971 Williams da Faller da Hill a Amurka suka yi haka da akwatunan ƙarfe da aka saka wani cikin wani. Cikin ya kasance shiru, har suka iya cewa in ikon ya kauce daga 2, kaucewar ba ta kai kashi 1 cikin 10¹⁵ ba.